Tankin Iskar da Ke Tsakar Gidan 'Yata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Tasi Ɗai-ɗai ta unguwar Oloje, Alhaji Yisa Oloruntele. Mai girma limamin masallacin tasha, Allah ya ƙara ilimi da lafiya. Iyayenmu dattawan ƙungiya, waɗanda suka riƙe sitiyari a garin nan na Ilorin tun muna 'yan mata. Direbobi manya da ƙanana. 'Yan'uwana mata da kuka sha anko kuna zaune can bayan rumfa wajen tukwane. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kafin in ce komai, ina neman gafararku. Na san ba domin ku saurari mace kuka ajiye motocinku a ranar Alhamis ba, ranar da fasinja yake kan hanya. Na kuma san an sauke amala, tuwonmu na garin doya, tun ɗazu, ita kuwa amala ba ta jiran mai dogon zance. Muryata ba ta taro ba ce. Idan na baya ba su ji ba, su ɗaga hannu, sai in maimaita. Ku yi mini haƙuri da damun da zan yi muku.

Sunana Sidikatu. Yawancinku Iya Kafilat kuka sani, matar Lamidi Ajape, Baba Kafilat, wanda watansa goma sha huɗu ke nan bai zo taronku ba. Ban yi boko ba. Allo na yi a gaban mahaifina har na sauke, abin da na sani ke nan, sai kuma ɗan abin da ido ya gani a tsakar gida.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama alhali ba ya cikin tsarin taro. Ina godiya ga waɗanda suka ɗaga mota da hannuwansu ranar da abin ya faru, da waɗanda suka ba da jininsu a asibiti, da waɗanda har yau suke ratsowa ta gidanmu su zauna da shi su ba shi labarin tasha. Ban manta da ko mutum ɗaya ba. Allah ya biya ku da abin da ya fi.

An gaya mini cewa maganar da ke gabanku yau ita ce kayan gyara. Kowannenku motarsa ɗaya, ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, kuma kun gaji da kai ta gareji a kan abin da hannunku zai iya. Kuna so ku haɗa kai ku sayi kayan aiki a tare, ku kuma sa Yekini mai walda ya haɗa muku injin iska guda goma, domin kowa ya riƙa gyaransa a gida ranar Lahadi. Niyya ce mai kyau. To ni shekara ashirin da uku na yi ina miƙa wa mutum ɗaya sifana. Yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, sai in ji ya ce, "Sha biyu." In miƙa. "Sha huɗu mai zobe." In miƙa. Har ya zama ba na duba lamba, nauyinta a tafin hannuna yake gaya mini ko wace ce. Da wannan ɗan sanin zan yi magana a kan abubuwa uku, sannan in faɗi na huɗu, wanda shi ne ya fito da ni daga gida.

Na farko, sifana da 'yan'uwanta.

Za a nuna muku akwati mai ƙyalli, an jera ƙarafa sun fi ɗari a ciki kamar kayan ɗakin amarya. Ina roƙonku kada ƙyalli ya saye ku. A cikin ɗarin nan, waɗanda mai tasi yake taɓawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: goma, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai, sha tara, da ta kwance taya, da filaya mai kyau guda, da sukudireba mai faɗi da mai tauraro, da guduma. Sauran ado ne, adon ma na kwana biyu. Baba Kafilat yana da wata al'ada idan ya je saye. Sai ya saki sifana a kan siminti ya kasa kunne. Ya ce ta kirki waƙa take yi, ta banza tari take yi. Wata rana mai shago ya ce masa, "Baba, saye ka zo yi ko rawa?" Ya ce, "Wannan taka ko murfin man shafawar matata ba za ta buɗe ba, bare notin birki." Suka yi dariya, ya kawo masa ta ajiye.

Sifana mai laushi bakinta yana buɗewa, ta cinye kafaɗun noti har ya zama kamar ƙwallon goro, daga nan sai guduma da kurfi, aikin minti biyar ya cinye yini. Akwai wanda ya taɓa zuwa gidanmu da hannu a fashe saboda haka, ba zan kira suna ba, ga shi can yana gyara hula. Noti mai tauri, a sa masa mai zobe, wadda take rungumarsa ta kowane gefe. Gara guda shida na kirki da ɗari na banza. Araha ba ta ado, a wannan sana'a kuwa har yatsa takan ci.

Na biyu, jak.

Jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙo. Wannan magana kowa a nan ya santa, kuma kusan kowa a nan ya taɓa karya ta. Ana ɗaga mota, a tura bulo ɗaya a ƙarƙashi, a ce ai ya isa, a shige. Bulon siminti yana da fuskar ƙarfi, amma cikinsa rami ne. Ba ya gargaɗi, ba ya ƙara, marmashewa yake yi lokaci ɗaya kamar gurasar da ta kwana. Idan za ku haɗa kai ku sayi wani abu yau, ku fara da ƙafafun ƙarfe masu riƙe mota, bibbiyu ga kowane gida. Wanda bai samu ba ya nemi gungumen katako mai tauri, ya kuma sa dutse a bayan taya. Na ga bulo bayan ya marmashe. Ni na share shi da tsintsiya.

Na uku, injin iska.

A nan ilimina ya ƙare, saboda haka na je na tambaya. Akwai wani dattijo a garin Offa da ake kira Baba Reluwe, ya tsufa a wajen gyaran jirgin ƙasa. Na naɗe wani ɓallen tankinmu a zane na kai masa. Ya juya shi, ya ɗaga shi wajen haske, sannan ya sa farcen babban yatsansa ya danna, sai farcen ya huda ƙarfe ya fita. Gindin tankin ya zama kamar ɓawon albasa. Ta waje kuwa fenti ne shuɗi mai kyau, ni da kaina nake goge shi.

Ya ce mini, "'Yata, iska tana gumi. Duk iskar da aka matse a tanki tana barin ruwa a gindinsa, ruwan yana cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Wannan kuwa tun yana jikin babbar mota ya sha nasa ruwan shekara da shekaru."

Ya lissafa mini abubuwa huɗu, ya sa na maimaita har na haddace kamar yadda nake sa yara haddar allo. Ɗan famfo a gindin tanki, wanda za a buɗe a zubar da ruwa duk ranar da aka yi aiki. Agogo mai nuna ƙarfin iska, mai rai, wanda allurarsa take komawa sifiri idan tanki ya huce. Makunni mai kashe injin da kansa idan iska ta cika. Sai bawul, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai zobe a ka, wanda yake buɗewa ya yi huci idan iska ta yi yawa. Ya ce injin da ya rasa ɗaya daga cikin huɗun nan, ko kyauta aka ba mutum, ya ce ya gode ya bar shi a nan. Ya ce tankin da aka taɓa yi wa faci da walda ya gama aikin iska har abada. Ya kuma ce mai tasi ɗaya ba ya bukatar ƙaton tanki: ƙarami sabo ya isa cika taya da hure ƙura, babba na masu fenti ne.

Ina so a shaida cewa ban zo in ɓata sunan Yekini ba, wanda ya haɗa mana namu injin. Abin da aka kai masa shi ya haɗa. Makunni mai kashe kansa ba a saya ba, shi ya sa bai sa ba. Bawul kuwa ya sa. Da idona na ga ya sa.

Wannan ya kawo ni ga na huɗu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tankunan nan biyu ne. Daga jikin matacciyar babbar mota ɗaya aka ciro su, shekarunsu ɗaya, tsatsarsu ɗaya. Baba Kafilat ya sa aka haɗa injin biyu, ya ajiye ɗaya a gida, ɗayan ya ba surukinmu Mudasiru, mijin Kafilat, ranar sunan ɗansu na fari, domin a lokacin ne ya sayi tasa motar ya shigo cikinku.

Shekara biyu da suka wuce, zaman salatin matan unguwa na safiyar Lahadi ya dawo gidanmu. Mata wajen talatin, da lasifika. Ranar Lahadi kuwa ita ce ranar gyaran Baba Kafilat. Muna falo muna salati, shi yana tsakar gida da motarsa, injin yana aiki, can sai bawul ya saki huci kamar kububuwa. Tsofaffi su zabura, mai jan baƙi ta ɓata, a sake daga farko. Wata rana ɗaya daga cikin manyanmu ta dube ni ta ce, "Iya Kafilat, shi mijin naki ko ranar Lahadi ba zai ɗaure macijinsa ba?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Kunya ta rufe ni, domin a gidana ne ake yanke ambaton Annabi.

Da azahar yana cin abinci, na zauna kusa da shi na ce, "Baba Kafilat, abin nan naka mai huci, babu yadda za a yi ya yi shiru ko na awa biyu?"

Ya ajiye loma ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Malamar gidana. Shekara ashirin ba ki taɓa roƙona zane ba, ba ki taɓa roƙona sarƙa ba, yau kin roƙi shiru. An ba ki."

Ya wanke hannu, ya ɗauki sha huɗu, ya kwance bawul, ya ɗaura noti a gurbinsa. Na ce, "Ba matsala?" Ya ce, "Ga agogo, ga idona. Allura na kai ja in kashe." Ya jefo mini bawul ɗin a cinya ya ce, "Ajiye macijinki."

Ga shi nan. Na baya, ku duba, bai kai tsawon yatsana ba. A gwangwanin allurata na ajiye shi.

Wata biyar ya yi yana aiki haka, bai ga komai ba sai alheri. Tanki ya riƙa ɗaukar iska fiye da da, taya huɗu a cika ɗaya. Ya zo tasha ya ba da labari, kun kuwa san bakinsa, idan ya yabi abu sai ka ji kamar ka saya. Bai faɗi dalilin da ya sa ya cire ba, ya ce dabara ce. Wasunku suka koma gida suka yi dabarar Baba Kafilat.

Ranar da abin ya faru, an ɗauke wuta da misalin ƙarfe tara, injin yana cikin aiki. Ya tsaya da kansa, Baba Kafilat bai kashe makunni ba, wa yake tuna makunni idan babu wuta? Ya ɗaga mota, ya tura bulo, ya shige. Tankin yana jikin bango, taku ɗaya daga motar. A ranar ni ce mai jan baƙi. Muna tsaka da salati na ga fanka ta fara juyawa, na kuma ji injin ya tashi.

Na ji shi. Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi. Na ji, zuciyata ta ce tashi ki kashe. Amma tun ina yarinya ban taɓa yanke karatu a tsakiya ba, mahaifina bai yarda da haka ba. Na ce ai shi ma ya ji, zai fito. Na ce bari in kai ƙarshen wannan. Da na kai, mata suka amsa, sai na ja na gaba. Daga baya a asibiti ya gaya mini shi ma ya ji, ya ce bari ya gama ɗaure noti ɗaya, ai ni ina kusa, zan kashe. Ni ina cewa bari in kai aya, shi yana cewa bari in gama noti. Abin da aka sa domin ya tsaya mana idan mun shagala kuwa yana cikin gwangwanin allura.

Sauran kun sani. Gindin tanki ya yage, ya tashi ya daki mota, jak ya goce, bulo ya marmashe. Ƙafafun nan da na yi shekara ashirin da uku ina gani daga ƙarƙashin mota, yau ni nake ɗaga su in juya su, ni nake shafa musu mai, ba sa sanin na taɓa su.

Ya gaya muku ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, ban musa ba, Allah ya tsare ni da musu. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka ce wani ne a tasha yake baƙin ciki da shi. Akwai ma wanda ya ja ni gefe ya ce ƙarfe ne yake neman jini, a nemo kare a yanka masa, na ce a'uzu billahi. Muka yanka rago, muka yi sauka, muka raba waina. Mutum nawa suka shigo gidan nan, masu ilimi da masu sana'a, babu ko ɗaya da ya tsaya a kan ɓaraguzan tankin ya ce, ina bawul? An koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mu kwance shi muka yi da hannunmu, ni na roƙa, shi ya kwance.

Ya hana ni faɗa. Ya ce, "Ni na kwance, ni na ɗaura. Kada in ji sunanki a bakin mutane." Wata goma sha huɗu yana rufa mini asiri daga kan katifa. Da na ci gaba da yin shiru har kabarina, ba don ɗayan tankin ba.

Yana nan a gidan Mudasiru, a jikin bangon kicin, da noti a inda bawul yake. Taku biyu daga nan Kafilat take hura wuta, da goyo a bayanta. Duk safiyar Lahadi injin yana aiki, ita tana tuƙa amala.

Sau uku na je. Na farko, Mudasiru ya kwanta rub da ciki ya gaishe ni, kamar yadda ɗan mutunci yake yi, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mama, na ji." Ya sa aka kawo mini lemo, ya kai ni gida a motarsa. Na biyu, na tafi da wannan bawul ɗin na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Bayan mako guda Kafilat ta dawo mini da kwanon da na kai musu miya, na buɗe, na same shi a ciki an naɗe a takarda. Na uku ne ya buɗe baki. Ya ce, "Mama, Baba ne da kansa ya koya mini wannan. Yanzu yana kwance, in tashi in warware aikinsa? Kamar na ce bai san abin da yake yi ba ke nan. Abin da ya same shi daga Allah ne. Ni kuma ina kula da agogo."

Ina kula da agogo. Ba dama in gaya masa cewa ni na roƙa, domin Baba Kafilat ya ɗaure bakina. Da zan tafi Kafilat ta raka ni ƙofa, ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Mama, don Allah ki bari. So kike danginsa su ce uwata ce take mulkin gidan ɗansu?"

Jiya da la'asar, bayan na juya shi, na ce, "Baba Kafilat, gobe taron ƙungiya. Ina neman izini in je in faɗa." Ya ce, "Je ki. Tafi da bawul ɗin su gani. Amma ba za su ji ba. Ni ma da ba zan ji ba."

Mudasiru, ɗana, ga ka can a layi na uku ka sunkuyar da kai. Ka ji yanzu. Ba dabara ba ce, ba ilimi ba ne. Wani miji ne ya so ya faranta wa matarsa. Idan ka mayar da bawul ba ka ƙaryata Baba ba, ni ka gyara wa kuskure. Kuma Baba Reluwe ya ce ko bawul ɗin ma ba zai ceci wannan tankin ba, tunda tagwayen wancan ne. Ya ce a yanka shi biyu a zuba wa awaki ruwa.

Na san abin da na yi yanzu. A garin nan suruka ba ta kiran sunan mijin 'yarta a gaban maza. Na san kafin magariba maganar za ta kai kunnen mahaifiyarsa, na kuma san abin da zai iya biyowa baya. Na auna shi dare da rana. Idan aka dawo mini da Kafilat da akwatinta a ka, zan buɗe mata ƙofa, ta yi fushi da ni shekara goma, ina gani tana tafiya da ƙafafunta. Ɗaya dawowar ce ba zan iya ba, wadda za a kawo mini ita a ɗauke. Ɗaki ɗaya ne da ni, kuma akwai mai kwance a ciki.

Mai girma shugaba, iyayena dattawa, ga roƙona.

Kada ku sa hannu yau a kan injin da za a haɗa da tankin matacciyar mota. Idan ƙarfinku bai kai goma sababbi ba, ku sayi biyu masu abubuwan nan huɗu, a riƙa karɓa-karɓa. Mun yi haka da injin niƙa a unguwarmu, ba mu mutu ba.

Sannan wannan ƙungiya tana da sanda, na kuwa ga an yi duka da ita. Wanda bai zo sunan ɗan ɗan'uwansa ba, kuna hana shi layi a tasha kwana uku. Wanda matarsa ba ta ɗinka anko ba, ana kiransa gaban dattawa. Idan ana hana mutum lodi saboda yadi shida na atamfa, ina roƙo a hana shi saboda noti a kan tanki. Mata suna magana a wajen ɗiban ruwa, na kuwa ƙirga: gida bakwai ne aka cire bawul, har da na Mudasiru. Shidan ba zan kira sunansu ba, guda ɗayan da na kira ya ishe ni nauyi. Matansu suna can bayan rumfa, sun san kansu. Ku tura dattawa biyu ranar Asabar su bi gida-gida su duba da idonsu. Abin da suruka ta faɗa ana amsa shi da lemo. Abin da ƙungiya ta faɗa ana yinsa kafin gari ya waye.

Ba zan ɓoye muku ba, ban zo da kyakkyawan zato mai yawa ba. Na daɗe ina zuba wa taronku abinci, na san yadda ake yi. Za a ce Allah sarki, za a ce Iya Kafilat ta yi magana, za a ce a kafa kwamiti. Sannan a kawo amala da miyar wake ta gbegiri, makaɗa su matso, zuwa la'asar maganar ta bi ruwan wanke hannu. Kowa zai ce a ransa, nawa tankin ai mai kauri ne, ni ai ina kula. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Na ga gemu ya ƙone ƙurmus, na ga kun zo kun yi jaje da hawaye na gaskiya, kun koma gida kun kunna injin. Ban ce ku miyagu ba ne. Ni ma da kunnena na ji, na ci gaba da karatu.

Idan ban ji daga gare ku ba, abin da ya rage mini ɗaya ne. Ranar Lahadi bayan sallar asuba zan ɗauki tabarmata in tafi gidan Mudasiru, in shimfiɗa a gindin tankin, in jingina bayana da shi. Yaro ne mai kunya, ina zaton ba zai kunna ba ina zaune. Zan yi haka wannan Lahadin, da ta gaba, da ta gaba, har ya gaji ko in gaji. Ban san wanda zai juya Baba Kafilat a waɗannan awoyi ba, ban samo ba tukuna. Kuma baya ɗaya ne da ni. Sauran gida shidan ba ni da abin da zan jingina musu.

Allah ya tsare ku a kan hanya, ya tsare ku a ƙarƙashin mota. Allah ya sa kowa ya fita da ƙafafunsa ya dawo da ƙafafunsa. Allah ya albarkaci motocinku da abin da suke kawowa, ya raya 'ya'yanku, ya rufa asirin matanku. Allah ya ba shugaba da dattawa ikon faɗin gaskiya ko da ga na kusa ne. Allah ya ba Baba Kafilat sauƙi, ya saka masa da rufin asirin da ya yi mini. Allah ya sanyaya zuciyar Mudasiru da ta Kafilat a kaina. Ni kuma ku roƙa mini gafara.

Mai girma shugaba, yau Alhamis. Ina roƙo a ba ni amsa kafin magaribar Asabar, ko e ko a'a, domin in san ko zan nemi mai zama da mara lafiya. Gidan kun san shi, kullum ina ciki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.